Nafisa Ta Raba Kwanukanta

Ubaidu,

Mun wuce Sakkwato ni da Nafisa, ba mu iya jiran ka dawo daga Shagari ba.

Jiya likitan Bodinga ya duba ta. Ya ce kukan nan da rashin barci tun haihuwa sun fi ƙarfinshi, ya rubuta takarda zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa. Shi a ganinshi za su zauna su saurare ta, su ba ta magani, ta kwana gida. Na ce, "Ɗan nan, cikin waɗanda ka tura, nawa ka san sun samu sauƙi?" Ya ce ba a rubuto mishi amsa, shi dai turawa yake. Rubutun malamanku kuma wata uku tana sha, jiya i yau.

Matarka kuwa, ashe gwaggonta ta tuna, wadda anka kai wajen likitocin nan ba ta dawo ba. Muna isa gida ta raba wa ƙannenta kwanukanta, ta miƙa wa yayarta Hajjo jaririyar, ta ce, "Yaya, ki saba mata da kunu tun yanzu."

Ka je ka karɓo kwanukan, ka jera su inda suke, ko da banza ne.

Yanzu a bakin ƙofa ta ce in rantse za ta dawo. Shekara talatin ina koyarwa ban taɓa rasa amsa ba. Na ce mata ta ɗauko mayafinta.

Innarka