Daddawarki ta Ƙarshe, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da haske. Ni ce Bilkisu, daga Kuala Lumpur. Na san ba a kai saƙo inda kike, amma shekara biyu ke nan duk abin da ya faru sai in ɗauki waya zan kira ki, sannan in tuna. Wannan karon labarin ya fi ƙarfin cikina, dole sai na faɗa miki.

Labarin takwararki ne, Ummi. Tana da shekara huɗu muka zo da ita, yanzu ga ta nan ta kusa kamo ni tsawo. Ki yi mata Hausa ta mayar miki da Turanci, in ta ga dama ta ƙara da yaren mutanen nan. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne abincinmu. Tun ranar da wata mata a benenmu na unguwar Setapak ta toshe hanci a gabanta, ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidanmu, alhali miyar kuka na kaɗa, yarinyar nan ta ɗaura gaba da tuwo. Da ta ga na ɗauko muciya sai ta bi tagogi tana rufewa kar maƙwabta su ji. Sai ta ce ta ƙoshi, ta lallaɓa babanta ya sayo mata shinkafar kwakwa a shagon ƙasa. Wallahi Inna, da ƙi ne kawai da da sauƙi. Kunya take ji. Jikarki fa, ke da ake sallama a ƙofar gidanki tun da safe saboda daddawa.

Ga shi surukinki ya kammala digirinsa na uku, mun kusa tattarowa mu dawo gida. Kullum tunanina, wace irin yarinya zan kai wa dangi, wadda za a ajiye mata kwano ta yatsine fuska?

Kin tuna daddawar da kika aiko min ta hannun wani ɗalibi, kafin ciwon ya kwantar da ke? A ƙulle cikin leda, kin naɗe da tsohon ɗankwalinki. Na yi ta tsakura har saura guda ɗaya. Ita na tura can ƙuryar firiza, na ce duk wanda ya taɓa ni da shi ne. Ban samu jana'izarki ba, Inna. Ita ce abu na ƙarshe da hannunki ya taɓa ya iso gare ni.

To da Baban Ummi ya ce kafin mu bar ƙasar nan sai ya kai mu bakin teku ta gabas, mu bi gaɓa da mota, sai na ga tafiyar ta faɗo a watan da kika rasu. Nan na ƙudura a raina cewa a can zan dafa daddawar nan, in yi miki sadaka da ita.

Da kin ga guzurin da na haɗa da kin ce lallai ke kika haife ni. Dambun nama, cincin, soyayyar kaza, zoɓo mai sanyi, yaji a kwalba. Na ƙara da tukunya, kuka, maburgi, mara, da muciyar da kika sa min a kayan aure. Surukinki yana ta mita, wai ba hijira za mu yi ba, ƙasar da ko ina ka juya abinci ne. Na ce masa ya ja motarsa kawai. Aiki ɗaya na ba shi, ya sayo garin shinkafa na tuwo. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Muka fita ta Gombak bayan asuba, muka hau duwatsu, hanya tana ta murɗewa cikin daji kore shar. Sadik, ƙanen Ummi da ba ki taɓa gani ba sai a waya, ya cinye rabin cincin kafin mu sauko. Shi kuwa mai cewa ba hijira za mu yi ba, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a robar dambu. Kallo dai ya sha.

Bayan garin Kuantan muka juya arewa, sai ga teku a damanmu. Inna, ke da kika ga dam ɗin Tiga sau ɗaya kika shekara kina ba da labari! Wannan ruwan ba shi da ɗaya gaɓar. Muka yi ta bin sa, itatuwan kwakwa, jiragen masunta masu fenti, mata a bakin titi suna soya wani abu na kifi mai kama da dogon ƙosai. Muka tsaya muka saya, na barbaɗa masa yajinmu, ya zauna daram. Duk inda na ga abin mamaki sai in ji bakina yana shirin cewa Inna duba.

Muka sauka a wani ƙauyen masunta, a gidan katako da muka kama haya. Mai gidan wata tsohuwa ce da ke zaune a gidan da ke jikin namu. Makcik ake ce mata, kamar dai mu ce Gwaggo. 'Yar ƙarama, bakinta ba ya rufuwa da dariya, ba ta jin Turanci ko kaɗan.

Washegari bayan la'asar na shiga kicin. Na yi bismilla na kwance ɗankwalin. Na daka daddawar da tattasai da albasa, na sami kifi sabon fitowa daga ruwa, na kaɗa kuka yadda kika koya min, hannu ɗaya yana barbaɗawa ɗaya yana burgawa. Ƙamshi ya tashi, sai ga ni a tsakar gidanmu ina 'yar yarinya. Ina juyowa na ga Ummi ta fara bin tagogi. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Sai tuwo. Na yi talge, na zuba gari, na sa muciya. Inna, abin nan ya ƙi ni. Maimakon ya haɗe sai ya koma danƙo, ina ja yana ja na, muciya ta kafe a tsakiya. Na ƙara ruwa, na ƙara gari, na tuƙa har kafaɗata ta riƙe. Ashe bawan Allah nan garin shinkafa mai danƙo ya sayo, wanda suke kayan zaƙi da shi. Ledarsa da ta garin tuwo kamar tagwaye suke, shi bai taɓa saye ba, ni kuma hankalina yana kan miya ban duba ba. Ga miya ta haɗu da daddawar da babu wata bayanta, ga magariba tana matsowa, ba tuwo, ba shago kusa. Na zauna a ƙasan kicin ɗin mutane na fashe da kuka. Ba kukan gari nake ba, kin sani.

Baban Ummi ya tsaya yana ba da haƙuri, ya rasa inda zai sa kansa. Ummi ta ɗaga ledar garin ta karanta, ta dube shi, ta dube ni. Sai ta ga ɗankwalinki a kan tebur. Ta tambaye ni ko wannan ita ce daddawar firiza, ta Inna. Na gyaɗa kai. Ta zura hijabi ta fita.

Can sai ga ta da kwano cike da shinkafa, ta roƙo wajen Makcik da yarensu. Ta kankare tukunyar nan da kanta, ta wanke shinkafa ta ɗora, muka zauna muna jira ta yi ligif. Da na miƙa hannu zan ɗauki muciya, kafaɗar ta ce ba ta san zance ba. Sai yarinyar nan ta karɓe.

Inna, ta sauke tukunya ƙasa, ta sa tsumma ta danne da ƙafafunta, ta naɗe hannun riga. Ta tuƙa tana juya tukunyar, tana murje shinkafar da muciya a jikin tukunyar. Da ta gama sai ta ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya, ta sa yatsa ta share, daidai yadda kike yi. Ni ban taɓa koya mata ba. Zuwan da muka yi hutu tana ƙarama, da kike zaunar da ita kusa da murhu kina tsokanarta da ƙawata 'yar Malesiya, ashe idonta yana kanki. Malmalar farko ta fito a karkace, ta biyu ta fi, ta uku kam ko a gidan biki a ajiye ta.

Kin san tambayar da kike yi duk ranar duniya kafin kowa ya sa hannu a kwano. Mun sha jin haushinta muna yara, yunwa tana cin mu. Na daɗe ban ji ta ba, don a benenmu kowa ƙofarsa a rufe take. Ina cikin jera kwanuka sai na ji ta daga bayana, da Hausa, Hausar da sai an yi da gaske take fita daga bakin Ummi:

"Mama, an kai wa maƙwabta?"

Ni ce ma na fara ja da baya, na ce anya tsohuwar nan za ta iya da warin daddawa? Ummi ta zuba malmala biyu, ta kwarara miya, ta rufe, ta ɗauka da hannu biyu. Kafin ta fita ta tura tagar kicin ta buɗe.

Na laɓe ina leƙe. Makcik ta buɗe kwano a barandarta, ta kai hanci, ta ɗago ta ƙyalƙyale da dariya. Ta shiga ciki ta fito da wata kwalba ta miƙa wa Ummi ta shinshina, wai nasu sinadarin ne na kifi da ake tsimawa, kuma ai nasu ya fi namu tashi. Ta wanke hannu ta zauna ta ci, ta kira jikokinta suka taya ta. Na ga Ummi tana magana tana nuna kwanon, tana nuna ƙirjinta. Daga baya ta faɗa min abin da ta ce: kakarta ce ta yi daddawar da hannunta, ta rasu, kuma sunanta ta ci. Sai na ga tsohuwar ta ɗaga hannuwa sama, jikokin ma suka ɗaga. A bakin tekun da ba ki taɓa jin sunansa ba, mutanen da ba su san ki ba suka yi miki Fatiha.

Ranar Ummi ta ci tuwo har da ƙari. Sadik ya suɗe kwano. Surukinki ya ci nasa shiru, don ya san in ya yi magana zan tuna masa gari.

Da safe kwanon ya dawo, kuma bai dawo haka nan ba, cike yake da shinkafarsu da miyar kifi, da zafinsa. Ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam. Na ce da Inna tana nan da ta sami ƙawa.

Daddawarki ta ƙare, Inna. Na daɗe ina tsoron wannan ranar, ina ganin in ta ƙare kin tafi gaba ɗaya. Sai ga shi a hanyar dawowa, muna bin gaɓar tekun, ban ji komai ba sai alfahari, har ƙirjina ya yi min kaɗan. Ummi tana baya da ɗankwalinki a cinya, ta tambaye ni ko Gwaggo Hauwa, ƙanwarki, ta iya daddawa irin taki, kuma ko za ta yarda ta koya mata in mun koma. Na ce za ta yarda, in dai za ta jure warin kalwa. Ta ce ai ba wari ba ne.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya kai ladan kwanon nan kabarinki, da na duk kwanukan da kika aika maƙwabta tsawon rayuwarki. Ya shayar da ke daga Alkausara, ya raya miki takwararki a kan halinki, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Muciyar kuwa na bar wa Ummi. A akwatinta za ta dawo gida.

Taki har abada,
Bilkisu