Tsakanin Ƙarfe Biyu

Yaya Feliciano,

Gaisuwa mai yawa daga Johannesburg. Yaya yara da mutanen Zavala? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da aka saba.

Ka ce in zo in daidaita sautin timbilar Baba, abin kiɗansa na jerin katako, kafin bikin tunawa da shi, tunda ni kaɗai ya koya wa. Yaya, tsoro nake ji.

Vibrafon da nake kaɗawa a ƙungiyar jaz ɗin nan timbila ce ta ƙarfe, amma sautinta na Turawa ne. Farkon zuwana, hannuna yakan nemi muryar timbilar Baba, sandar kiɗan ta faɗa ramin da ke tsakanin ƙarfe biyu. Shugabanmu Bra Zweli yakan ce, “Kai ɗan Mozambik, wa kake kaɗa wa a ramin nan?” Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake. Ya gyara ni tas.

Shekaranjiya na kaɗa waƙar Baba, ta zauna daram a kan ƙarfen, ita da ba ta taɓa zama ba.

Don Allah Goggo Celina ta rera min waƙar a kaset. In na ji muryarta a karkace, to kunnena ne ya tafi. In haka ne, ku nemi wani, kada ku bari in taɓa katakon nan.

Ƙaninka,
Horácio