'Yar Dubun da Na Ce Jabu Ce

Ina tura takardar ƙarƙashin fitilar sai ta ɗau haske gaba ɗayanta, shuɗi tar, kamar an kunna ta daga ciki. Ban tsaya tunani ba, ban ko ɗago na kalli mai kuɗin ba, na buɗe baki da ƙarfi na ce, "Alhaji, wannan jabu ce." Shekara ɗaya da wata biyar ke nan, har yau ina jin muryata tana faɗa.

Ku yi haƙuri, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum Anti, da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye lambata, sunaye kam duk na canza su. Ina roƙo ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don abin da za ku faɗa mini bai kai wanda nake faɗa wa kaina ba.

Shekarata ashirin da uku. A Samaru nake zaune da yayata, ina aiki a wani kantin sarin sabulu da omo da man shafawa a kasuwar Sabon Gari. Ni ce a kanta, ni ke karɓar kuɗi. Lokacin da jabun 'yar dubu ta fara yawo a gari, mai kantin, wato Alhaji, ya je Kano ya dawo da wani ɗan inji, girmansa bai wuce burodi ba, da fitila shuɗiya a ciki. Bayani ɗaya ya yi mini: kuɗin gaske in ya shiga, takardar duhu-duhu take zama, 'yan wurare ne kawai ke ƙyalli, jabu kuwa duka take haske. Shi ke nan abin da mai sayarwa ya koya masa, shi ke nan abin da ya koya mini. Alhaji ya so injin nan fiye da tunani. Da hankici yake rufe shi. Maƙwabta a layi su kawo kuɗinsu, ya ce, "Kawo a kai ta asibiti," ya tura, ya harɗe hannu yana kallon fuskar mutum.

Mai kuɗin ranar nan kuwa Mama Rifkatu ce. Bayan gidanmu take a Samaru. Mijinta ya rasu da daɗewa, wanki da guga take yi wa 'yan makaranta, duk wanda ya bi lungunmu ya san igiyoyin shanyarta. "Mai-kanti" take ce mini. In an ɗauke wuta ita ke ba ni dutsen guga na gawayi, ta ce, "Kar ki je aiki kamar an tauna ki." Shekara goma sha ɗaya ita ce ma'ajiyar zumuntar mata ta cocinsu. Akwatin da suke ajiye kuɗin ma mijinta ne ya haɗa shi, don mai walda ne: ƙarfe mai ƙafa huɗu, da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a wuyanta, ɗaya a hannun shugabarsu, ba mai buɗewa sai su biyun sun haɗu. A ƙuryar ɗakinta yake zama, ta shimfiɗa masa ƙyalle ta ɗora Littafinta Mai Tsarki a kai.

Ranar ta zo sarin sabulu da omo ne. Ta kwance haɓar zani ta miƙo mini, tana dariya, ta ce, "Mai-kanti, yau da sabuwa na zo. Yohanna ya fara ɗaukar albashi." Yohanna ɗanta ne tilo, direba a Kaduna. Takardar da ɗan danshi, na ji shi a yatsuna, amma ban kawo komai ba. Da na faɗi abin da na faɗa, nan da nan kantin ya cika. Ban san daga ina mutane suka fito ba. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce irinsu ne ake turowa da fuskar tausayi, wata ta fizge mata ɗankwali. Ita kuwa abu ɗaya take ta maimaitawa, "Ɗana ne ya aiko mini. Ɗana ne fa." Alhaji ya ce ba za a kai ta ko'ina ba, darajar furfura. Ya ɗau jan biro ya rubuta JABU a kan takardar, ya manna ta da salatif a jikin gilashin kanta, daidai inda nake zama. Ya ce wa mutane, "Kun ga yarinyar nan? Mai ido ce." Kuma wallahi na ji daɗi. Wannan ma sai na faɗa muku, na ji daɗi.

A cikin taron akwai wata 'yar cocinsu. Kafin sati biyu an yi zama, aka ce ba wai ana zargin Mama ba ne, amma a huta da surutu. Maza biyu suka zo suka ɗauke akwatin daga ɗakinta. Na shiga gaishe ta bayan nan, na ga gurbin ƙafafunsa huɗu a simintin, tsatsa ta zana su. Ba ta ɗora komai a wurin ba har yau.

Kun san abin da ta yi? Ita ta ba ni haƙuri. Ta riƙe hannuna da hannun nan nata da ruwa ya cinye, ta ce, "'Yata, saura kaɗan in sa ki a matsala a wurin aikinki. Ban sani ba, Ubangiji ya sani." Ta kira Yohanna a wayar 'yan kasuwa ta ce masa in irin wannan neman yake yi a Kaduna, kar ya ƙara aiko mata da ko sisi.

To har nan zan iya cewa kuskure ne. Abin da ya biyo baya shi ne ba kuskure ba.

Bayan kamar wata huɗu, Alhaji ya ba ni 'yar ɗari biyar sabuwa, a gabana ya zaro ta daga ɗaurin banki. Na manta da ita a aljihun siket, na jiƙa siket ɗin a omo tun safe har la'asar. Na shanya ta a taga ta bushe. Washegari ba kowa a kanti, don wasa kawai na tura ta cikin injin. Ta ɗau haske. Shuɗin nan dai, irin na ranar, ba bambanci. Na zaro, na sake turawa, na goge ta a hijabina, na sake turawa. Na zauna na zuba mata ido. Me Mama take yi tun asuba har yamma? Ina take ɗaure kuɗinta? Haɓar zanin nan sau nawa take shiga ruwan kumfa a yini?

Da Malam Sani mai gyaran rediyo ya zo canza wa injin ƙwan fitila, na tambaye shi kamar ba komai, na ce, "Malam, wai kuɗin da aka wanke yana haske a nan?" Ya yi dariya ya ce, "Sosai ma. Ai abin da ke sa farar riga ta yi ƙal, shi ne fitilar ke kamawa. Ita ba ta san kuɗi ba, omo ta gani. In kina son gaskiya ɗaga ta a rana, ki duba zaren da hoton da ke ɓoye a farin wurin." Ya karɓi kuɗin aikinsa ya tafi, bai san abin da ya ajiye mini ba. Da Alhaji ya tafi sallar azahar na ɓamɓaro takardar Mama daga gilashi, na fita bakin ƙofa na ɗaga ta. Ga zare. Ga hoton ɓoye, yana kallona ta bayan jan rubutun. Na mayar na manna kamar yadda take.

Me ya sa ban faɗa ba? Kullum da amsar da nake ba kaina. Alhaji ya riga ya ba ni mabuɗin akwatin kuɗin kanti, abin da ko ƙaninsa bai ba ba. Ya ce zai biya mini karatun difloma. Duk layi "Mai-ido" ake kirana. Shi kuma mutum ne da zai iya yafe asara amma ba ya yafe a kunyata shi, ga shi ya cika kasuwa da labarin injinsa. Na ce gobe. Goben ta zama sati, satin ya zama wata.

Sai ga su wata Asabar, Mama da Yohanna. Dogo ne, mai sanyin magana, ya tsaya ya daɗe yana kallon takardar a gilashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, daga banki na karɓo ta, da hannuna na sa a ambulan." Alhaji ya ce, "Samari, inji ba ya son kai, ba ya ƙin kowa." Sai Mama ta juyo wurina, ba wurin Alhaji ba, wurina. Ta ce, "Mai-kanti, ke ce kullum a kansa, kuma ke ba za ki yi mini ƙarya ba. Yaron nan ya dafa Littafi ya rantse. Abin nan yana kuskure?"

Na san amsa. Tana bakina. Alhaji na tsaye a gefena yana juya carbi, mabuɗin akwatinsa na cikin jakata. Na ce, "Ba ya yi, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ba ta kalli ɗanta ba. Shi ya kalle ni, ba harara, ba komai, ya ce, "To, na gode 'yar'uwa." Ya fita, ita ta bi wata hanyar. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Tun ranar bai ƙara taka Samaru ba.

Yanzu ban da sukuni. In na bi ta lungu na ga fararen riguna a igiyarta rana ta doke su, shuɗin nan nake gani. Fitilar kashe ƙuda ta mai tsire a bakin tasha, ba na iya kallonta. Ni da nake wuni cikin katan-katan na omo, yanzu ko ƙamshinsa ba na son ji, yayata har ta fara yi mini wani irin kallo. Takardar tana saitin fuskata daga safe zuwa yamma, jan biron ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Kafin in gane, mutum nawa na mayar wa kuɗinsu na ce jabu ne? Akwai wata mai abinci daga unguwar Jushi da ta yaga tata a gabana tana hawaye. Mai abinci fa, wadda hannunta ba ya fita daga ruwan wanke-wanke. Yanzu duk takardar da ta yi haske sai in faki idon Alhaji in ɗaga ta a rana, in ta gaske ce in jefa a akwati in yi shiru. Wato na gyara wa kowa, ban da wadda na fi ɓata wa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, Yohanna zai yi aure nan da sati uku. Ya aiko mata da atamfar biki ta hannun wani direban bas, ta mayar ko buɗe ledar ba ta yi ba. Ɗazu da yamma na dawo daga aiki ta kira ni, tana zaune a kan turmi tana ninke kayan mutane. Ta ce, "Mai-kanti, ke kin iya latse-latsen nan. Rubuta masa a wayarki." Na zauna na rubuta abin da take faɗa, da yatsuna. Ta ce in ce masa ba ta tsine masa ba, kullum tana sa shi a addu'a, amma ba za ta ɗaura zanin da ba ta san kuɗinsa ba ta shiga gidan Ubangiji. Ta ce in ce ya nemi wata ta zauna a kujerar uwar ango. Da ta zo nan sai ta ɗau wata riga ta sake ninke ta alhali a ninke take. Sannan ta ce, "Kin tura?" Na ce sabis ba kyau, sai da safe. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ke kaɗai ce ba ki canza mini fuska ba."

Saƙon yana nan cikin wayar da nake rubuto muku da ita, ban tura ba, ban goge ba. Lambar Yohanna na samansa.

In na faɗi gaskiya, ba a ɗakinta kawai zan faɗa ba. A gaban mutane na ɓata ta, a gaban mutane ya kamata in wanke ta: a kanti, a layi, a wurin matan cocin da suka ɗauke akwatin mijinta. Aikina zai tafi, karatun zai tafi, wannan na kusa haƙura da shi. Abin da na kasa shi ne tsayawa a gabanta in ce, Mama, ranar da kika tambaye ni na sani. Yayata, da na ɗan gutsura mata, ta ce in ce yau na gano, in bar zancen Asabar ɗin nan, ai sakamakon ɗaya ne, uwa ta shirya da ɗanta. Amma wannan ba wata ƙaryar ba ce a kan ta farko? In kuma na faɗa duka, matar da ta ce ni kaɗai na rage mata, me na bar mata?

Gobe kafin in hau bas za ta leƙo ta katanga da kumfa a hannu, ta ce, "Mai-kanti, ya tafi?"

Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?