Muryar Baba ba ta hau ba

Talata, ƙarfe huɗu na yamma, shagon mai gyaran waya.

Yaya,

Ya Umma da jiki? Ni ƙalau nake, sai dai wayata ta faɗa bokitin wanki, ta mutu. Na buɗe ma'ajiyar intanet da muka haɗa da Auta, na tarar ya cika ta da bidiyon ƙwallo tun bara. Cikin saƙonnin muryar marigayi Baba, ko ɗaya bai hau ba. Mai gyara har da dariya: "Malam, ƙwallo dai ta tsira." 

Yanzu ma'ajiya tawa ni kaɗai zan nema. Don Allah ki ɓoye tsohuwar wayar Umma. Ban sani ba ko tana kunnuwa, ko saƙonnin suna ciki, ko Auta ya riga ya taɓa ta.

Ƙaninki.