Gwiwar Hannun Kaleo

Kekaha, 9 ga Maris, 1997

'Yata Medy,

Ina gaishe ki gaisuwar uban da ya daɗe bai ga 'yarsa ba. Yaya aikin otal, yaya kumburin ƙafar nan taki? Yaya zaman Las Vegas? Ni da ɗanki Kaleo muna nan lafiya, sai godiyar Allah.

Ina da albishir. Jiya wani Bature ya zo takanas daga California don ya kalli Kaleo. Sunansa Mista Orcutt, aikinsa bin makarantun sakandare yana nema wa wata babbar ƙungiyar besbol yara, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya na bugunta da sanda. Ya zauna bayan raga da wata na'ura irin ta 'yan sandan hanya, yana auna gudun duk ƙwallon da Kaleo ya jefa. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga mil casa'in da ɗaya a awa. Shige Nakama, tsohon abokin aikina a gonar rake, ya ce in zauna in daina hura wa baƙo warin busasshen kifi a wuya. Na ce masa ranar da jikansa ya jefa abin da ya wuce kwandon shara, shi ma ya tashi ya leƙa.

Masu bugu goma sha uku Kaleo ya mayar benci da jifansa, sandarsu ba ta ko shafi ƙwallon ba. Da layin bugu ya zo kansa, ya aika ɗaya bayan shinge, sai da yara suka shiga ciyawa nemanta. Baturen bai yi murmushi ba, bai tafa ba, rubutu kawai yake yi. Shige ya ce haka suke, wanda suka fi so shi suke ɗaure wa fuska.

Bayan wasa ya ce yana son ganin gidanmu da wanda ya reni yaron. Na ce ya dawo farkon wata ya ci abinci, baƙo ba ya barin Kekaha da yunwa. Medy, shekara talatin da takwas na yi ina saran rake. Ɗanki ba zai riƙe adda ba.

Ki kula da kanki. Naki, mahaifinki,
Tatang Pacifico

Kekaha, 6 ga Afrilu, 1997

'Yata Medy,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki, na ji daɗi da kumburin ya sauka. Mu ma lafiya.

Mista Orcutt ya zo ranar Alhamis da rana. Na yanka kaza na dafa adobo, abincinmu na gida, ya ci ya ƙara. Ya yabi tsayin Kaleo da yadda yake ɓoye ƙwallo har sai ta bar yatsunsa, ya ce bugunsa ma ba laifi, sai dai yana saurin kai wa ƙwallon da ta lanƙwasa. Daga nan ya tambayi wanda ya koya masa jifa. Na kai shi bayan gida, na nuna masa tayar mota da na rataye a jikin mangwaro tun yaron yana shekara tara, don ya riƙa jefa ƙwallo ta tsakiyarta.

Sai na ɗauko littattafaina. Kin tuna lokacin da nake zuwa ajin yamma, malamarmu ta ce kowa ya riƙa rubuta wani abu kullum don hannu ya saba. Ni ba ni da labari, sai na riƙa rubuta jifan Kaleo. Ɗari da hamsin kowace rana bayan makaranta, har washegarin wasa, har ranar Kirsimeti. Na buɗe masa shafin gasar nan da yaron ya jefa wasa uku a kwana biyu yana ɗan shekara goma sha huɗu. Na zaci zai ce bai taɓa ganin yaro mai ƙwazo haka ba.

Ya daɗe yana buɗe shafuka, shayinsa ya huce. Can ya tambaya ko Kaleo ya taɓa cewa hannunsa na ciwo. Na yi dariya na ce a gidanmu ba a faɗin haka. In ya kumbura nakan shafa masa man kwakwa da citta, in naɗe da ganye, da safe ya koma tayarsa. Ya kira Kaleo ya ce ya miƙe hannuwansa biyu gaba. Na hagu ya miƙe sambal. Na dama ya tsaya a ɗan lanƙwashe, ya ƙi ƙarasawa. Kullum muna cin abinci a tebur ɗaya, ban taɓa lura ba.

Ya ce kafin ya aika wa manyansa sunan yaron, sai likita a Honolulu ya ɗauki hoton gwiwar hannun. Na ba shi kwalbar jiƙaƙƙen ɗanyen mangwaro, ya karɓa da godiya, amma bai kalli idona ba.

Shige ya ce duk yaron da za su saya sai sun duba shi kamar doki, kada in damu. Ke ma kada ki damu.

Naki,
Tatang Pacifico

Kekaha, 27 ga Afrilu, 1997

'Yata Medy,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan takarda ta same ki a zaune. Na ɗauki wayar sau uku in kira ki, na ajiye. A rubuce zan fi iya faɗa.

Mun je Honolulu mun dawo. Jijiyar da ke riƙe gwiwar hannun ta yage fiye da rabi, kuma likita ya ce ba sabon rauni ba ne, a hankali ta riƙa ci shekara da shekaru. Sai an yi aiki. Bayan aikin zai yi shekara ɗaya da rabi bai jefa komai ba, kuma babu wanda ya yi alkawarin gudun nan zai dawo. Mista Orcutt ya bugo waya da kansa. Sun cire sunan Kaleo. Ya ce in ya warke, wataƙila wata kwaleji ta ɗauke shi saboda bugunsa. Ya yi magana da ladabi, ban ga laifinsa ba.

Likitan ya tambayi Kaleo wa ya sa shi jifa haka. Yaron ya ce shi ya sa kansa, wai kakansa ma hana shi yake yi. Haka zai gaya miki, kada ki yarda. Ni ne nake tsaye da fensir ina ƙirgawa.

A jirgi na tambaye shi tun yaushe yake ciwon. Ya ce tun yana shekara goma sha biyar. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya kira ni kaka da harshenmu, ya ce, "Apong, ba kai ka ce a gonar rake wanda ya yi kukan hannu, washegari wani ake miƙa wa addarsa ba?" Ni na faɗa. Na faɗa masa ya fi sau ɗari, ina jin ina yi masa gata.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta miki. Jiya muna tsince shinkafa, hannunsa a rataye, ya ce ko ya fara koyon jifa da hagu, don kada wahalata ta tafi a banza. Medy, kafin in buɗe baki in ce a'a, na ji zuciyata ta yi tsalle, har ta fara shirya jifa nawa zai riƙa yi a rana. Bayan duk abin da likita ya nuna min. Na tashi na fita waje, na daɗe ban iya dawowa ba.

Ranar ashirin ga Mayu za a yi aikin. Ki nemi hutu ki zo, kuma ki yanki tikitin komawa na mutum biyu. Ya yi jinyarsa a wurinki, ya nemi kwaleji daga can. Kada ki tambaye shi ko yana so. Zai ce wa zai dafa wa Apong abinci, wa zai kai shi asibiti. Ki ce masa ke kika yanke, ni kuma zan yi kamar an fi ƙarfina.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki,
Pacifico Dumlao