Kada Ki Sayar da Jirgin Nan, Vesta

Halvor, Dakota ta Arewa
Satumba, 1928

Zuwa ga Vesta, sanyin idona, ruwan farko a kan gonar alkama, iskar da ke kwantar da ciyawa ba ta karya ko ɗaya ba,

Na so in kira ki tauraruwa, sai na tuna tauraro ba ya saukowa, ke kuwa, godiya ta tabbata ga Allah, kullum kina saukowa. Na so in ce shaho, amma shaho don farauta yake tashi. Ke dinyar daji ce, masoyiyata, irin wadda ke ratsa samaniyarmu da kaka, mu ɗaga kai daga aikin gona mu bi ta da kallo har wuya ya gaji.

Ranar Lahadi a teburinmu kin ba ni abin da ba a taɓa ba ni irinsa ba. Mama ta miƙa miki kwanon dankali, ta tambaye ki cikin murmushin nan nata ko matar aure ma yawon sama take yi. Ta san kamfanin nan na Manitoba, can arewa, ya kira ki ki riƙa kai magani da wasiƙu sansanin masu haƙar ma'adinai. Kika ajiye cokali kika ce, "Idan Lyman ya ce in bari, zan sayar da jirgin kafin ƙanƙara ta sauka." Ba wasa a muryarki. Ni kuwa na sunkuya ina yanka naman da na riga na yanka.

Kin san nauyin abin da kika ɗora a tafin hannuna kuwa? Ke da kika fara da ɗinkin ƙyallen fiffiken jirgi a rumfar jiragen wasu, kina leƙen masu tashi ta ƙofa? Makarantun tuƙi sun sallame ki ɗaya bayan ɗaya, har wani malaminsu ya ce miki sama ba ta da wurin rataya siket. Kika koya duk da haka, da asuba, kafin maza su gama shan kofi. Kin karya kafaɗa a gonar masara a Iowa, ta hagu, ba ta dama ba kamar yadda jarida ta rubuta. Kin kwana a ƙarƙashin fiffike daga wannan baje kolin manoma zuwa wancan. Duk wannan kika tattara, kika miƙa wa mutumin da tawadar takardar shaidarsa ta injiniya ba ta gama bushewa ba!

Ina tuna ranar da kika ɗauke ni sama a baje kolin gundumarmu. Kafin in shiga na tambaye ki ƙarfin injin da shekarun wayoyin fiffike. Kika yi dariya, kika ce Malam Injiniya ya hau tukuna, in mun dawo da rai ya yi jarrabawar. Na runtse ido, na ƙanƙame gefen kujera. Can sai na ji kin ƙwanƙwasa mini hula daga baya, na buɗe. Ga koginmu kwance kamar zaren da aka yar, ga tsohuwar hanyarsa da ya bari tun kafin a haifi kakana, tana nan baƙa a cikin alkama. Na karanta wannan a aji, na zana shi a taswira, amma ban taɓa ganinsa ba sai da kika nuna mini. Wa ya isa ya biya wanda ya buɗe masa ido? Da me zan gode miki, hasken raina?

Ba zan ɓoye miki ba, ina tsoro. Na san inji yana tsayawa ba sallama. Na san mai yana daskarewa a sanyin arewa, na san hazo yana haɗiye tabki da gaɓarsa, kuma na san sunayen waɗanda suka tashi ba su dawo ba, don ba na iya tsallake su a jarida. Kalma ɗaya tak daga bakina, sai ki zauna a gidana lafiya lau. Amma na yi tunanin ranar da jirgin wani zai wuce ta saman rufinmu, ki fito da kumfar sabulu a hannu ki ɗaga kai. Wannan fuskar taki ce ba zan iya kallo ba. Tsoro zan iya ɗauka, ai tun ina yaro muke tare da shi.

Kada ki sayar da jirgin nan, Vesta. Ki amsa wa mutanen Manitoba cewa kina zuwa. Ni zan tsaya in gama gadar da gunduma ta ba ni, in ƙanƙara ta narke in biyo ki, mu ɗaura aure a can ko a nan, duk inda kika zaɓa. Mama kuma ki bar mini ita.

Roƙona ɗaya ne. Jiya na je wurin bakanikenki, Kawu Orrin, na ce ya koya mini juya farfela da hannu don tayar da injin jirgi. Ya nuna mini hannunsa mai guntun yatsu, ya ce masu karatu sun cika tsayawa tunani, ita kuwa farfela ba ta jiran kowa ya gama tunaninsa. Duk da haka ya koya mini inda zan kafa ƙafa da yadda zan ja da baya. Ya ce da saura, amma ba zan mutu ba. Ranar tafiyarki, ki bar ni in tsaya a gaban jirgin. Ba na so ki tashi kina waiwaye, kina tunanin ko da zuciya ɗaya na yarda. Ki leƙo daga kujerarki ki ga cewa hannun da ya fi kowa tsoron tafiyarki shi ne ya tayar miki da inji.

Naki a ƙasa, naki in kin yi sama, naki har ranar da za a rufe ni da ƙasar nan,

Lyman