Mayen Ƙarfe da Ƙafar Bashir

Assalamu alaikum, ɗana Bashir. Ina gajiya, ya sanyin ƙasar? Ya Maryam da yara? Mu nan Bungudu lafiya lau, sai kewarku.

Bashir, tun jiya hankalina bai kwanta ba. Ƙanenka Sani ya nuna mini hoton ma'aunin da kake aiki da shi. Ya ce da wutar lantarki da wani ƙaton mayen ƙarfe kuke awo, kuna neman wata lamba da kilon duniya duka ya dogara a kanta. Na ce madalla. Sai ya ƙara da cewa kafin mutum ya matsa kusa, dole ya cire agogo da makulli. Nan take na tuna da ƙafarka.

Ka manta ƙarfen da likita ya sa maka a cinya bayan haɗarin babur a hanyar Tsafe? Ka gaya wa shugabanka kuwa? Na san ka da zurfin ciki. Wallahi in ba ka faɗa masa ba, ban yarda ka sake shiga ɗakin ma'aunin nan ba.

Ka gaida mini kowa, ku sa mu a addu'a. Agogo dai ana cirewa a ajiye, Bashir. Ƙafar fa?

Innarka